Oba-oba Biyu da Fanka Ɗaya

A Amurka, masu sha'awar rediyo ba sa barin tsohuwar oba-obar mota ta yi ritaya. Motorola GM300 ta gama cin wuya a motar tasi, sai su saye ta da araha, su haɗa ta da 'yar'uwarta a kan tsauni: ɗaya ta saurara, ɗaya ta maimaita wa gari duk abin da aka ji. Gulma ke nan mai lasisi.

A zangon mita 2, kilohaz 600 kacal ke tsakanin ji da magana, don haka ihun mai magana yakan toshe kunnen mai sauraro. Dole a sa gwangwanayen tace sigina, waɗanda kuɗinsu kan fi na rediyon biyu. Ina arahar?

Sai kuma zafi. An ƙera GM300 ne don direba ya ce ya iso, ya saki maɓalli. Yanzu dattawa uku sun hau hirar ciwon gwiwa, awa guda ba numfasawa. Shi ya sa ake rage mata wat 45 zuwa rabi, a ɗaura mata fankar tsohuwar kwamfuta a ƙeya. Dattawan kuwa ba mai rage musu komai.