Turancin Kauce wa Kunya

Ranar Talata na je wajen telana karɓar ɗinkin da ya yi mini alkawari tun kafin azumi. Yana hango ni ya miƙe, ya zura takalmi, ya ce, "Alhaji, am komin." Na zauna kan benci ina kallon keken ɗinki har aka kira la'asar. A ƙamus, ma'anar maganar nan ita ce mutum yana tahowa. Ni kuwa ƙeyarsa na gani tana shan kwana. Ban ga laifin Bature ba a nan. "Ina zuwa" ɗinmu ce ta gado muka ɗauka muka sa mata kwat.

Ba yau muka fara aron kalmomin Turawa ba. Tun da sojojin Lugga suka shiga Kano a 1903 suke kwararowa, sai dai kakanninmu ba sa ba baƙuwar kalma ɗaki sai sun yi mata wankan tsarki. Haka muka sami sisi da sule da kwabo, da asibiti da bokiti da farfesu. An canja kuɗi zuwa naira a 1973, amma har gobe yaron da bai taɓa ganin sisi ba zai rantse maka ba shi da ko sisi. Dubi bariki ma. A wajen masu ita masaukin soja ce kawai. Da ta kwana biyu a hannunmu, sai ga shi idan aka ce wane ɗan bariki ne, ba mai ba shi 'yarsa.

Waɗancan kalmomi aiki aka ɗauke su. Na yanzu kuwa, mayafi ne. Na lura duk abin da Bahaushe yake jin nauyin faɗa da harshen uwarsa, sai ya ruga ya aro Turanci ya lulluɓe shi.

Ɗauki "bizi". Asalinta mutumin da aiki ya sha wa kai. Namu mai bizin yana kwance a gindin darbejiya yana sosa ciki, bikin ƙanwar matarsa ne ba ya son zuwa. Ba zai iya cewa "ba ni da lokacinku" ba, don gobe za a kai ƙararsa wajen iyaye. Amma "ina ɗan bizi" ba ta da dangi, ba wanda zai yi fushi da ita.

Sai "ojent". Almajiri ya fi mu gaskiya, ya riƙe kwanonsa a fili yana bara. Mai digiri kuwa saƙo zai turo da sha biyun dare: "Yallaɓai, wani ɗan ojent ne ya taso." Kalmar da Bature ya tanada don gobara da naƙuda, mu mun mai da ita dubu biyun sayen data.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce "sori". Muna da sannu, muna da yi haƙuri, muna da gafara, muna da na tuba, kowace da wurin zamanta da nauyinta. Sori ta zo ta haɗiye su duka ba ta ko yi gyatsa ba. Mai babur ya taka maka ƙafa, sori. An cinye maka kuɗin adashi, sori. Wai har a gidan makoki na ji wani ɗan boko ya ce da mai takaba sori, kamar shayi ya zubar mata.

Gosulo ma a Ingila salon bore ne, ma'aikata su riƙa jan ƙafa da gangan don a ƙara musu albashi. A nan cunkoson motoci ne, kuma uzurin duk wanda ya makara.

Bayan magariba sai ga telana. "Sori Alhaji, wallahi gosulo ne." Gidansa fa yana bayan shagon, ko kaza ba ta gajiya kafin ta isa.

"To, kayan fa?"

"An gama ai, finishin kawai ya rage."

Na leƙa leda, na ga shaddata a naɗe yadda na kawo ta, ko almakashi ba ta gaisa da shi ba. Ina shirin buɗe baki in wanke shi tas, sai wayata ta yi ƙara. Uwargida ce, kan maganar kuɗin cefane. Na ɗaga, na matsar da wayar nesa da baki.

"Halo? Halo? Hajiya, ba na jin ki, netwok ne."