Rigimar Gado a Ƙasar da Babu Ita

A Amurka akwai dattawa masu furfura, wasu har da jikoki, da ke raba dare suna musu a kan iyakar masarautar da ba a taɓa kafawa ba. Lafiyarsu ƙalau, wasa ne ya ja musu. Sunansa Dungeons & Dragons, Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a 1974. Mutum huɗu ko biyar za su kewaye tebur, ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda: wannan mayaƙi, wancan boka, na can gefe ɓarawo. In ka ce za ka sare dodo, sai ka jefa dayis mai fuska 20, shi zai faɗa ko ka sare shi ko kai ne tuwon darensa.

Labari kuwa sai da ƙasa. Gygax ya ƙirƙiri Greyhawk, kamfaninsa TSR ya buga taswirarta a 1980. Daga nan aka shiga yanka filaye ba ƙaƙƙautawa. Dragonlance ta zo a 1984, Forgotten Realms ta Ed Greenwood ɗan Kanada a 1987, sai Spelljammer a 1989, inda jiragen ruwa ke yawo a sararin samaniya ba wanda ya ce musu don me. A 1991 aka kawo Dark Sun, hamadar da tsafi ke ƙone tsirrai, a 1994 kuma Planescape. Kowace ƙasa ta tara mabiyanta, kuma mai bin wannan ba ya ko kallon littafin waccan. Kamfani ya raba masu sayen kayansa gida-gida da hannunsa, abin da ake lissafawa cikin dalilan durƙushewarsa. A 1997 Wizards of the Coast ya saye shi, a 1999 Hasbro ya haɗiye mai sayen.

Yanzu ana ta tambaya ko tsoffin ƙasashen nan suna da sauran daraja wurin 'yan wasa. Kada ka kuskura ka yi wa tsohon ɗan Greyhawk wannan tambayar in kana da wurin zuwa. Zai shiga ɗaki ya fito da akwatin Greyhawk na 1983 a naɗe cikin leda, ya ce ka wanke hannu, bayan ka wanke kuma ya hana ka taɓawa. Zai warware taswira a hankali yana riƙe numfashi, ya nuna maka masarautar Furyondy, ya jero maka sarakunanta da yaƙe-yaƙensu. Mutumin da kullum sai ya tambayi matarsa inda ya ajiye tabarau, ga shi yana kawo tarihin shekara ɗari biyar ba gargada. Sai ka ce, "Baba, yaushe rabonka da wasa a cikinta?" Nan tari zai sarƙe shi. Abokin wasa ɗaya ya koma wata jiha, ɗaya ciwon baya ya hana shi zaman tebur, ɗaya kuma uwargida ta kafa masa dokar fita. Rabon da a jefa dayis a gidan tun Bill Clinton na mulki.

Abin da Baba ke yi da ƙasarsa shi ne kuka a kanta. Shekara da shekaru yana ƙorafin kamfani ya yi watsi da gadon magabata. Kamfani ya ji, domin kukan mai kuɗi a aljihu ba ya faɗuwa ƙasa. Aka dawo da wata tsohuwar ƙasa, Ravenloft, a 2021, Spelljammer da Dragonlance a 2022, Planescape a 2023, ita kanta Greyhawk aka ba ta babi a littafin jagoran wasa na 2024, shekarar da wasan ya cika 50. Baba ya saya tun ranar farko, kafin magariba ya yanke hukunci an ɓata. In an sauya wani abu, an ci amana. In ba a sauya komai ba, an sayar masa da abin da yake da shi. Sai ya ƙara sayen kwafi na biyu, ɗaya na karantawa cikin fushi, ɗaya na ajiya. Ni dai ban ga ɗan kasuwar da zai ƙi irin wannan maƙiyi ba.

Gaskiya wani lokacin yana da hujja. A 2008 aka tura tarihin Forgotten Realms gaba da kusan shekara ɗari, aka kashe alloli, aka hautsina taswira. Mabiya suka yi ca, har bugun wasan na 2014 ya mayar da abubuwa da yawa kusan yadda suke.

Yaran zamani kuma nasu salon daban. Za su ce maka kayan tsofaffi bai dame su ba, alhali a ciki suke kwana. Wasan kwamfuta Baldur's Gate 3 da ya tashi kan duniya a 2023, a Forgotten Realms yake. Vecna da suka ji sunansa a shirin Stranger Things, mugun bokan Greyhawk ne. Suna jefa tsafin Mordenkainen ba su san cewa jarumin da Gygax ya yi wasa da shi a teburinsa ne ba. Sun gaji gida suna zagin magini.

Abin dariyar shi ne littafin Greyhawk na 1980 shafi 32 ne kacal. An bar gurabe da yawa don kowane tebur ya cike da ƙaryarsa. Yau yaro ya ce zai sa gari a wani lungun taswira, Baba ya miƙe tsaye ya ce babu wannan a tarihi. Tarihin wa, ranka ya daɗe?

Baba, don Allah cire akwatin nan daga leda. Kira jikokinka ranar Asabar, ka ba su dayis, ka bar su su kafa garinsu inda suka ga dama. In lemo ya zube a kan Furyondy, a goge da tsumma a ci gaba da wasa.