Mu da Jiran Fitowar Sunaye

A unguwarmu, da zarar an ce an buɗe ɗaukar aiki, kafin la'asar labari ya zaga kowace majalisa. Samari su cika shagon kwamfuta, kowa da ɗan hotonsa da takardar shaidar ƙaramar hukuma. A cike fom, a buga silif, a ninke a sa a aljihun gaba. Har nan lafiya lau, nema wajibi ne.

Matsalarmu abin da ke biyo baya. Fom kawai aka cike, amma mun soma kashe albashin. A je wurin mai shago a karɓi shinkafa da taliya, a ce "sai alat ya shigo." Inna ta riga ta sanar da maƙwabta. Wani ma ya daina zuwa shagon ɗinkin da yake koyo, ya koma teburin mai shayi yana duba waya safe da yamma. Ranar da sunaye suka fito babu nasa, ga bashi, ga kunya, sai ka ji ana zargin mahassada.

To jama'a, mu riƙa duba lissafi. Da aka fara shirin ɗaukar matasa aiki na N-Power a 2016, mutum 200,000 aka ɗauka a rukunin farko, ana biyan Naira 30,000 a wata. Da aka sake buɗewa a 2020, masu nema sun haura miliyan 5. Ku tuna da Maris na 2014, lokacin da dubban ɗaruruwan matasa suka biya Naira 1,000 kowanne, suka cika filayen wasa don jarrabawar shiga hukumar shige da fice, alhali guraben ba su kai 5,000 ba. Har rayuka aka rasa a turmutsitsin. Idan masu nema sun kai haka, rashin ganin sunanka ba ya nufin ka gaza, ko wani ya yi maka asiri.

Saboda haka ɗan'uwa, cike fom ɗinka, yi addu'a, washegari ka koma kan kekenka na ɗinki. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Iyaye kuma a bari sai takardar kama aiki ta zo hannu kafin a yi shela. Idan rabonka ne zai same ka kana kan sana'arka, kuma babu wanda ke bin ka ko sisi.