Lambun da Ba a Tsinkar Komai

Kawuna manomi ne a Jazira ta ƙasar Sudan, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar nan da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Kakanninsa na cikin mutanen da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka sauke kaya a Mai Wurno, kudu da Sinnar, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin kogi. Daga baya babansa ya gangara arewa aikin auduga, aka haifi Kawu a wani ƙauyen Hausawa da ke gefen tur'a, wato babbar hanyar ruwa. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ne ya taso shi, ya zo mana Kano da Hausarsa mai gaurayen Larabci da tafin hannu duk kanta. Ba gona, ba abin yi, zama ya ishe shi. Wata Asabar na ce masa zan tafi ƙwallon lambu. Kunnensa bai kama "ƙwallo" ba, "lambu" kawai ya ji, kafin in ɗaure takalmi har ya sa malafa yana jirana a bakin mota.

Da muka isa ya tsuguna, ya shafi ciyawa, ya tsinki ɗaya ya sansana.

"Ɗana, me aka shuka a nan?"

"Ciyawa, Kawu."

"Ta dabbobi?"

Na ce a'a, ta takawa ce. Ya dubi ruwan da injin ke fesa mata, ya ja la haula a hankali, bai ƙara tambaya ba.

Wasan dai ya tsufa a Arewa. Kulob ɗin Rayfield na Jos yana ƙirga shekarunsa daga 1913, na Kaduna daga 1921, kuma shekaru da yawa da'irar da ke kewaye da rami a filayenmu yashi ne da aka kwaɓa da baƙin mai, a ja buhu a share wa mutum hanya kafin ya buga. Ko yashi ko ciyawa, a nan ake ajiye sandunan ƙarfi a ɗauki mai faɗin kai da 'yan wasa ke kira fota, a gangara ƙwallo a ƙasa zuwa ramin da faɗinsa bai wuce santimita 10.8 ba. Daga kusa kowa gwani ne a bakinsa. Daga taku goma sha biyar kuwa, a nan ake sanin maci tuwo. Wani malami a Jami'ar Columbia ta Amurka, Mark Broadie, ya bi lissafin bugun ƙwararrun da ke cin abinci da wasan: daga ƙafa 8 rabi kawai suke zurawa, daga ƙafa 30 kimanin bakwai cikin ɗari. Ke nan daga nesa abin nema shi ne ƙwallo ta kwanta kusa da rami yadda bugu na biyu zai zama ƙarashe. Wanda ya yi uku ya yi asara.

Na yi wa Kawu wannan bayani muna zaune gindin darbejiya kusa da rami na ƙarshe. Ya ce ai wannan ban ruwa ne. A Jazira, in ji shi, tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 ruwa da ƙafarsa yake tafiya, ba mai tura shi, alhali in ka duba ƙasar sai ka rantse faifai ce. Gangarenta kimanin santimita 15 ne a kowace kilomita. Daga tur'a a sako shi cikin abu ishirin, daga abu ishirin cikin abu sitta, daga nan ya shiga hawasha, gonar mutum ɗaya. "Ka buɗe kaɗan, na ƙarshen kunya ya kwana da ƙishi. Ka buɗe da yawa, ka fasa kunya ka shayar da hanya. Bari in ga masu ban ruwanku."

Na farko da ya iso shi Kawu ya raɗa wa Malam Kada-ta-wuce. Mutum ne mai tsantseni, irin wanda yake ƙirga canji sau biyu a gaban mai shago. Tsoronsa guda ne, kada ƙwallo ta zarce rami, kamar bayan ramin akwai rijiya. Yakan ja sanda baya da kyau, sai daidai lokacin taɓa ƙwallo zuciyarsa ta karye, hannu ya yi sanyi, ya shafe ta kamar mai lallashin jariri. Ta yi rabin hanya ta zauna. Ya bi ta ya sake shafawa, ta yi rabin abin da ya rage. In ba don dare na yi ba, da haka zai yi ta raba tafiyar biyu har tashin duniya. Abin da ya fi ba ni haushi da shi, kullum sai ya nuna da yatsa ya ce, "Amma dai kun ga layin daidai ne." Daidai ne, Malam, kamar motar da ta kama hanyar Zariya mai ya ƙare mata a Kwanar Dangora. Wani masanin wannan fanni, Dave Pelz, ya sha koyar da cewa a ba ƙwallo ƙarfin da in ta kuskure rami za ta wuce shi da inci 17. An faɗa wa Malam, ya gyaɗa kai, ya ce inci 17 ɗin ma almubazzaranci ne.

Abokin tafiyarsa Basamude ne. Ya taɓa jin cewa ƙwallon da ba ta kai ba ba ta shiga, ya riƙe wannan magana kamar wasiyyar uba. Tasa tana wuce rami da gudu ko gaisuwa babu, ta sauka daga ciyawa, wani lokacin har cikin yashi. Ya zo da taku goma, ya koma da sha biyu. Kawu ya ce a garinsu irin wannan ba a ba shi mabuɗin ruwa.

Sai Safiyo. Wannan kam sai mun zauna. Da ƙwallonsa ta hau ciyawa sai hira ta mutu, aiki ya tashi. Zai tsuguna a bayan ƙwallo ya hangi rami. Ya zagaya bayan rami ya hango ƙwallo. Ya koma gefe ya duƙa kamar mai neman allurar da ta faɗi. Ya auna nisa da taku yana motsa leɓe. Ya riƙe sanda da yatsu biyu tana reto a gaban fuskarsa, ido ɗaya a rufe, tamkar magini yana duba ko bango ya karkace. A 'yan shekarun nan ya ƙaro sabon ilimi, tsarin da ake kira AimPoint, wanda wani Ba'amurke Mark Sweeney ya kawo: mutum ya tsaya ya ware ƙafafu ya ji wace ce ta fi ɗaukar nauyi, sannan ya ɗaga yatsu gwargwadon gangaren, ya saita ta gefensu. Ƙwararru na yin haka, kuma yana yi musu amfani. Namu Safiyon shi ma yana ɗaga yatsu uku, sai dai tsakanin saukar da yatsun da ɗaga sanda lissafin ya zube. Dokar wasan tun 2019 ta shawarci kowa ya buga cikin daƙiƙa 40. Shi a daƙiƙa 40 bai gama gaisawa da ciyawa ba. Waɗanda ke biye sun iso sun jingina da sandunansu, rana ta karkata, wani ya tafi la'asar ya dawo. Can sai ya buga, ta tsaya taku huɗu kafin rami. Duk binciken ya ƙare ne a kan dama ko hagu, ƙarfin bugu ko sau ɗaya bai shiga tunaninsa ba, alhali daga nesa kuskuren ƙarfi ne ke jefa mutum a bugu uku. Kawu ya kalle shi tun daga farko har ƙarshe da sha'awa, ya ce ya tuna masa da wani mufattishi, jami'in duba gona, da yake zuwa musu da takarda da alƙalami ya auna komai, ya tafi bai lura ruwan bai zo ba.

Akwai mai sayen sanduna. Doka ta ce kada jaka ta wuce sanda 14, amma a bayan motarsa fota kaɗai ta kai bakwai: mai kai kamar guduma, mai kai kamar wuƙa, mai kaurin mariƙi, doguwa irin wadda ake tokarawa a ƙirji kafin a hana tokarawar a 2016. Duk wadda ta ba shi kunya ranar Asabar, Lahadi an sake ta, an yi amarya.

Mai ɗora wa wasu laifi bai taɓa kuskure ba tun da ya fara wasa. Da safe raɓa ce ta riƙe masa ƙwallo, da yamma rana ce ta busar da ciyawa ta sa ta santsi, da hunturu iska ce. Duk waɗannan gaskiya ne, sai dai raɓar nan ta sauka wa kowa. In ya rasa abin kamawa sai ya juya kan yaron jaka: "Kai ka ce mini dama!" Yaron ya ce dama da faɗin tafi biyu, shi ya tura ta dama da faɗin tabarma. "Yi haƙuri, yallaɓai," in ji yaron, yana kallon ƙasa don kada dariya ta ƙwace masa.

Wani kuma sai ƙwallo ta bar sanda sannan aikinsa yake farawa. "Tafi! Tafi mana! Tsaya! Ke, tsaya!" Yana karkata kafaɗa, yana murɗa ƙugu, ƙafa ɗaya a sama kamar mai rawar ƙoroso. Kawu ya tambaye ni ko tana ji. Na ce ba ta taɓa ji ba. Ya ce jakinsa ma haka yake, amma shi aƙalla yakan waiwayo.

Babban mutum ba ya bugu uku, domin ba a barinsa ya yi na biyu. A wasan mutum da mutum doka ta yarda abokin karawa ya ce "na ba ka", ka ɗauki ƙwallonka a ƙirga maka bugu ɗaya, kuma akan yi hakan ne in abin da ya rage bai wuce tsawon hannu ba. Na babban mutum tsawon hannun yana miƙewa gwargwadon kujerarsa. Ƙwallo na taku uku daga rami, sai ka ji baki uku a tare: "An ba ka, ranka ya daɗe!" Yana dawowa gida da lissafin da ko ƙwararru za su yi kishi. Ranar da ya sauka daga muƙami ba wanda ya ce uffan, ya tsaya a kan taku ɗaya yana jiran a ba shi, aka yi tsit, ya buga ya kuskure. Tun daga nan yake cewa ciyawar filin ta lalace.

Mai tarihi guda ya taɓa zura wata doguwa, shekarun baya, kuma ƙwallon nan ba ta daina tafiya ba. Da na fara jin labarin taku goma ne, bana ya kai talatin da gangare biyu. Yakan haɗa kansa da Costantino Rocca, ɗan Italiyan da ya zura ta kimanin ƙafa 65 a rami na ƙarshe a St Andrews a 1995, ya faɗi rub da ciki yana dukan ƙasa. Ba ya ƙarasa labarin, don a zagayen raba gardama John Daly ne ya tafi da kofin.

Kawu ya juyo ya ce, "To kai wanne ne?" Na so in ce ba na ciki. Gaskiya ni mai ramuwa ne. In na gaza a wannan rami, a na gaba sai in ƙara ƙarfi in zarce. In na zarce, a na gaba in gaza. Kullum ina gyaran kuskuren ramin da ya wuce a kan ramin da bai san komai ba.

Wanda ya iya abin yana tsaye a gefe da jakar wani a kafaɗa. Yaran jakar nan, da ake ce wa kadi, in masu gida sun shiga shan sanyi sukan ɗauki tsohuwar fota guda su yi ta yi a tsakaninsu. Na sha tsayawa ina kallo. Ƙwallo uku suke jerawa, ta farko taku biyar, ta biyu taku goma, ta uku sha biyar, su sake daga baya zuwa gaba, kuma sau da yawa ba rami suke nema ba, hula suke ajiyewa. Mai bugu idonsa na kan hular yayin da yake gwada lilon hannu a iska. In nisa ya ƙaru sai ya ƙara jan sanda baya, saurin lilon bai canja ba, ba ya ƙara duka. Ɗayansu ya taɓa ce mini, "Yallaɓai, ka riƙa duba taku uku na ƙarshe. Can ne ta gaji, can ƙasa ke juya ta." Na biya kuɗin koyarwa a wurare biyu ban samu abin da ya kai wannan ba.

Da fili ya yi sarari Kawu ya ce a ba shi ya gwada. Yaron ya ajiye masa ƙwallo taku ashirin daga rami. Ya cire takalmi. Ya taka daga ƙwallo zuwa rami a hankali, ya dawo ta ɗaya gefen, ya tsaya a tsakiya ya ce, "Nan ruwa zai kwanta. Daga can kuma zai zubo hagu." Yaron ya dube ni, ya gyaɗa kai. Kawu ya kama fota kamar ƙotar fartanya, hannu ɗaya can ƙasa, ya saita wani wuri da ni ko a mafarki ba zan saita ba, ya tura. Ƙwallo ta hau ɗan tudu, ta yi kamar za ta tsaya, ta sunkuyo hagu, ta zo ta kwanta taƙi guda daga baki.

Safiyo, wanda ya fito da kwalbar lemo a hannu, ya ce, "Baba, saura ƙarashe."

Kawu ya miƙa wa yaron sanda, ya duƙa ya ɗauki ƙwallon da yatsu, ya jefa ta cikin ramin.

"Kawu, doka ta hana!"

"Ɗana, ruwa in ya iso bakin kunya da hannu ake buɗe masa." Ya karkaɗe tafinsa, ya sa takalmi, ya tambayi yaron ko za a bar shi ya dasa kuɓewa layi biyu a can gefen da ruwan ke zuba a banza.