Jakata Ta Ga Zariya, Ni Ina Funtuwa

Hutun da aka ba ni a wurin aiki gajere ne, kuɗin aljihuna kuma sun fi shi gajarta. Gari ɗaya za su iya kai ni, ni kuwa biyu raina ke so, Katsina da Zariya. Wanda ya girma yana wuce Hubbaren Shehu da Masallacin Bello safe da yamma, sai ya ɗauka tarihi a unguwarsu ya tsira. Na ce bari in je in ga tsofaffin masallatan wasu.

Maƙwabcina Bakatsine ne, mai sayar da yadi. Da ya ji zancen sai ya ajiye almakashi. "Malam, har wata shawara ce wannan? Hasumiyar Gobarau tana tsaye tun zamanin Muhammadu Korau, ƙarni na 15. Jar ƙasa ce, tsayinta wajen mita 15. Sakkwaton taku fa a 1809 aka zagaye ta da ganuwa, jiya-jiyan nan."

Yayan matata kuwa a Jami'ar Ahmadu Bello ya yi karatu, har yau bai warke ba. Ya ce hasumiya ai hawa ce da sauka. In gini nake son gani, in je Masallacin Juma'a na birnin Zazzau, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu. Ya miƙe tsaye yana gwada mini yadda bakan gizon laka da azara ke tashi daga ginshiƙi ya haɗu da ɗan'uwansa a sama, har ya ture kofin shayi. Daga baya an yi wa masallacin rigar siminti, amma na ƙasan yana ciki. Ya ƙara da labarin da Zazzagawa ke bayarwa, wai da gwanin ya gina wa wani sarki irinsa, sai sarkin ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani wanda ya fi.

Uwargida tana tankaɗe tana jin mu. Ta ce, "Maigida, in ka rasa na zaɓe ba ni kuɗin. Buhun shinkafa ba shi da hasumiya, amma ana ganin amfaninsa."

Sai dabara ta faɗo mini. Daga Sakkwato, in dai ba ta daji za ka yanke ba, hanyar garuruwan biyu ɗaya ce har Funtuwa. Can take rabuwa, ɗaya ta bi Malumfashi, ɗaya ta miƙe Zariya. Na shiga motar Funtuwa, shawara kuma na bar wa hanya. A Tureta ni Bakatsine ne. Kafin Talatar Mafara na koma Bazazzagi. Tsakanin Gusau da Tsafe kam babu mai tuna hasumiya, kowa carbinsa yake ja, har direban da ke ta zuba tun safe ya kashe rediyo.

Bayan la'asar muka sauka. Ƙafata ba ta gama taɓa ƙasa ba 'yan kamasho biyu suka rufe ni. Wannan yana "Zariya, saura mutum ɗaya!" wancan yana "Katsina, saura mutum ɗaya!" Suka ce, "Alhaji, ina za ka?" Na ce, "Ina tunani." A tasha ba a tunani. Ɗaya ya fizge jakata ya cusa a but, ɗayan ya karɓe ledar kilishin da na riƙo tsaraba, ya ɗora a kujerar gaba wai ya kama mini wuri. Na ce su dakata in yi salla, ko Allah zai zaɓa mini. Na yi salla, na ɗan tsaya wajen mai tsire, don ciki da yunwa ba ya yanke hukunci.

Da na dawo babu mota ko ɗaya. Tun da nake shiga tasha ban taɓa ganin ranar da "saura mutum ɗaya" ta zama gaskiya ba sai ran nan, kuma a motoci biyu.

Wani dattijo a ofishin ƙungiyar direbobi ya saurare ni, ya cire tabarau ya goge hawayen dariya, sannan ya buga waya. Direban Zariya ya ce jaka tana lafiya, gobe da safe zai dawo da ita, amma a biya mata kuɗin mota zuwa da dawowa. Na Katsina ya ce sun wuce Bakori, kuma fasinjoji suna ta sa mini albarka. Na kwana a bencin mai shayi, hulata ce matashi, sauron Funtuwa suka yi mini marhabin har asuba.

Bayan na biya wa jaka kuɗinta, abin da ya rage na komawa gida ne cif. Maƙwabcina ya tare ni a ƙofa, na ce masa a jihar Katsina na kwana, kuma ban yi ƙarya ba. Yayan matata na miƙa masa jakar na ce ya tambaye ta. Uwargida ba ta ce komai ba, kwanon awo kawai ta ajiye a gabana.

Hutu mai zuwa Wurno za ni, inda aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837. Na bincika, motar Wurno ba ta bi ta Funtuwa.