An Ci Shari'a, Amma A Ajiye Wuƙa

Na san da ku, masu taɓe baki. Tun kafin in gama faɗin "dakatar da zartar da hukunci" na hango wani a gindin bedi a Garazu ya ture hula gaba yana cewa: "Wannan ai wayon lauyoyi ne, an ci mutum a kotu sai a ce a jira." To Baba, gyara zama, shayin bai ma tafasa ba.

Ka ɗauka kai da maƙwabcinka kuna jayayya a kan rago. Sarki ya yi sulhu abin ya ƙi, aka tafi gaban alƙali a Gure, alƙali ya ce ragon na maƙwabci ne. Kai kuwa ka ce ba ka yarda ba, sai Damagaram. Kafin motar kasuwa ta kai ka, maƙwabci ya kwantar da rago, har an raba kai da ƙafa, yara suna wasa da mafitsara. Bayan wata shida babban alƙali ya ce kai ke da gaskiya. Me za a miƙo maka? Fatar ma an yi buzu da ita. Abin da ake nufi da dakatarwar ke nan: a ɗaure ragon a turke, a ci gaba da zuba masa harawa, kowa ya mayar da wuƙarsa kube.

Na ji ka, kai na bayan can mai cewa misalin rago na yara ne. Bari in kawo maka na manya, daga wajen abokan wasanmu Kanawa, waɗanda dama mu mutanen Damagaram ba ma raga musu. Ranar 20 ga Satumba 2023 kotun sauraron ƙarar zaɓe ta zare ƙuri'a 165,663 daga na Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf, ta ce Nasiru Gawuna ne gwamna. A Nuwamba kotun ɗaukaka ƙara ta sake kayar da Abba. Duk tsawon wannan lokaci yana kan kujera, domin dokar zaɓen Najeriya ta ce mai riƙe da muƙami ya zauna har a ƙare ɗaukaka ƙara. Ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta ce shi ya ci. Da an bi ta taka, da an rantsar da wani, an canja hotuna a ofisoshi, an naɗa kwamishinoni, sannan bayan wata huɗu a ce kowa ya kwashe tabarmarsa.

Amma kada ka ce na hana ka naka rabon gaskiya. Kanawan nan dai su suka ba ka hujja. A Mayun 2024 aka soke dokar masarautu, aka mayar da Muhammadu Sanusi II Gidan Rumfa, Aminu Ado Bayero da aka tuɓe kuma ya sauka a gidan Nasarawa. Aminu Babba Ɗan'agundi ya kai ƙara kan soke dokar, babbar kotun tarayya a Kano ta ba shi nasara a Yuni. Ranar 10 ga Janairu 2025 kotun ɗaukaka ƙara a Abuja ta ce waccan kotun ba ta da hurumi a maganar sarauta. Sai ga shi ranar 14 ga Maris ita kanta ta dakatar da zartar da hukuncin nata, ta ce kowa ya tsaya inda yake har Kotun Ƙoli ta yi magana. Ina ne "inda yake"? Nan ake yin ta. Wannan ɓangare ya ce an koma kafin a soke doka, wancan ya ce sarkinmu na nan daram. Takarda ɗaya, guɗa a gida biyu! A ƙaramar Sallar shekarar ƴan sanda suka hana hawa, dawakai suka sha hutu a barga. Idan ka ce jiran ya fi daɗi ga wanda ragon ke turkensa, ban musa maka ba.

A nan Nijar, bisa tsarin da muka gada daga Faransa, ɗaukaka ƙara kan riƙe hannun hukunci da kanta, sai in alƙali ya ce a zartar nan take. A Najeriya kuwa sai ka roƙa, ka nuna cewa abin zai salwanta in ba a tsaya ba. Kuma masu son "nan take" su tambayi ƴar siyasar Faransa Marine Le Pen, wadda kotun Paris ta haramta wa takara shekara 5 ranar 31 ga Maris 2025, ba tare da jiran ɗaukaka ƙara ba. Ranar ba ta ce lauyoyi ne ke jan ƙafa ba.

Kai dai Baba, na lura tun ɗazu kana lissafin kuɗin harawa da yatsu. Wata shida, dami nawa? Wannan kam ku je ku tambayi alƙali wa zai biya, ni miƙo min kofi.