Na Fita Neman Dangi, Na Dawo da Bashi

Mu Hausawa ba mu saba da sunan zuriya ba. Mutum ya liƙa sunan mahaifinsa ko na garinsu, kamar Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ke nan. Amma gidanmu akwai wani laƙabi da muka gada daga kakan kakanmu, wanda ban taɓa jin wani gida da shi ba duk faɗin Kano. Ba zan faɗe shi a nan ba, gudun kada dangi su ƙaru.

Tun muna yara ake ce mana mutumin nan madugu ne, ayarinsa na kai kanwa da baƙin rini Gwanja, ya dawo da goro. Da na ji cewa yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, fatake suka bazu har Kumasi, sai na ce lallai muna da jini a can.

Na rubuta laƙabin a Facebook. Sai ga wani a zangon Kumasi, ga wani a Damagaram, ga wani a Mai Wurno ta Sudan, inda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903. Nan take na buɗe zauren WhatsApp, na naɗa kaina shugaba.

Aka fara jero salsala. Na Kumasi ya ce daga Yaman muka fito. Na Damagaram ya rantse jikokin sarakunan Barno ne mu. Na Sudan ya ce ai sharifai ne mu, a daina wasa. Ba wanda kakansa ya taɓa riƙe fartanya.

Daga nan zumunci ya kankama. Matar na Kumasi ta haihu, shugaba ya kawo ragon suna. Katangar na Damagaram ta faɗi, shugaba ya aika kuɗin siminti. Ana cikin haka wani ya sauka gidana da ƙullin kayansa, wai kwana biyu zai yi. Da damina ta same shi a ɗakin soro, uwargida ta ja ni gefe.

"Maigida, wannan ɗan'uwan naka, ta wajen uwa kuka haɗu ko ta wajen tuwo?"

Don in rufe mata baki, na sayi goro na tafi ƙauye wurin Gwaggo, wadda ta fi kowa shekaru a gidanmu. Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.

"Kai ɗan nan, wane madugu? Kakanku mai korar jakuna ne. Sunan na ubangidansa ne. Duk yaron da ya bi ayarinsa da shi ake kiransa."

Na sanar da zaure, ina jiran kowa ya kama gabansa. Sai na Kumasi ya ce ai wannan ya ƙara danƙon zumunci, tunda kakanninmu rana ɗaya ta gasa su. Ya kuma tuna mini bikin 'yarsa watan gobe. Baƙona ma ya ce ba zai tafi ya bar ni cikin wannan damuwa ba.

Jama'a, mai son sanin asalinsa ya fara da tsohuwar gidansu tun tana da rai. Kuɗin goro kawai za ta ci masa.